Vacuum: kalmar "babu" da ke aiki a rijiya, a asibiti da kuma siyasa

Kalmar "vacuum" ba ta cikin Hausar kasuwa, kuma wanda ya yi lakwal a Nijar ya fi sanin takwararta ta Faransanci, wato "vide". Amma matashin da ya sauka Landan ko New York neman aiki zai iya jin ta tun ranar farko, lokacin da aka miƙa masa injin shara a otel. Ɗalibin da ya tafi karatu Kano ko Accra zai tarar da ita a littafin kimiyya. Mai bin labaran duniya a waya kuwa yana cin karo da ita duk lokacin da ake zancen Libiya ko yankin Sahel.

A duk waɗannan wurare akwai fahimta guda da ta zauna a zukatan mutane, cewa wurin da babu komai a cikinsa yana jawo abubuwa zuwa gare shi. Masana kimiyya sun gano tun ƙarni na 17 cewa wofi ba shi da hannun da zai ja wani abu. Abin da ke kewaye da shi ne ke turowa. Bambancin kamar ƙarami ne, amma shi ne ke sa wani manomi ya yi asarar kuɗin injin ban ruwa, shi ne kuma ke sa birkin mota ya ƙi takuwa a gangare.

Asalin kalmar

Turancin Ingilishi ya aro kalmar ne daga Latin, inda "vacuus" ke nufin abin da ba komai a cikinsa. Ana rubuta ta da harafin u guda biyu a jere, abin da ba kasafai ake gani a Ingilishi ba, shi ya sa ko masu harshen sukan yi tuntuɓe wajen rubuta ta.

Mai jin Faransanci ya daɗe yana amfani da danginta ko da bai lura ba. Hutun ƴan lakwal, "vacances", daga wannan tushe ya fito, domin lokaci ne da azuzuwa ke zama wayam. Kujerar aikin da ba kowa a kanta ana ce mata "poste vacant". Idan aka ɗauke marar lafiya daga ƙaramar likita zuwa babban asibiti a ce an yi "évacuation", ita ma ƴar gidan ce.

Hausa ba ta da kalma guda da ta ɗauke duk wannan kaya, sai dai tana da kalmomi da yawa, kowace da wurinta. Akwai wofi, akwai fanko na gwangwani ko kwalbar da aka juye, akwai giɓi na haƙori ko na kasafin kuɗi, akwai gurbi na wanda ya tashi, akwai kuma sarari. Larabawa suna cewa "khala'", daga tushen da ya ba mu kalmar halwa.

A nan ne ake bukatar lura. Kwalbar da muke kira fanko cike take da iska. A wurin masanin kimiyya, ba a samu "vacuum" ba sai an fitar da iskar ita ma. Kuma har yau ba wanda ya taɓa fitar da ita duka. Abin da injina ke samarwa shi ne wurin da iska ta yi ƙaranci ƙwarai idan aka kwatanta da ta waje. Ko sararin samaniya da ke tsakanin taurari yana ɗauke da ƙwayoyin zarra jefi-jefi.

Gardamar da ta kusa shekara dubu biyu

Aristotle, malamin falsafa na Girka, ya koyar da cewa wofi ba zai taɓa samuwa ba. Mabiyansa suka taƙaita batun da cewa halitta tana ƙyamar wofi, don haka duk inda ya so ya samu sai ta yi maza ta cike shi. Al-Farabi, wanda ya rasu a shekarar 950, ya rubuta risala a kan batun, ya yi gwaji da kwalabe a cikin ruwa, shi ma ya tsaya a kan cewa iska tana buɗewa ta cike duk wurin da ta samu.

Masu aikin famfo ne suka fara kawo cikas ga wannan koyarwa. A littafinsa na 1638, Galileo ya ambaci abin da masu sana'ar suka daɗe da sani, cewa famfon da ke tsotso ba ya iya hawo da ruwa fiye da kimanin mita goma, komai kyawunsa. In har halitta tana ƙyamar wofi, me ya sa ƙyamar ke ƙarewa a mita goma?

Almajirinsa Evangelista Torricelli ne ya warware matsalar a 1643. Ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kife shi a cikin kwano mai zaiba. Zaibar ta sauko ta tsaya a tsayin kusan santimita 76, ta bar wofi a saman bututun. Bayanin da ya bayar shi ne, iskar da ke kanmu tana da nauyi. Ita ce ke danna zaibar da ke cikin kwanon har ta tokare wadda ke cikin bututun. Zaiba ta ninka ruwa nauyi fiye da sau 13, shi ya sa abin da ke santimita 76 a zaiba yake zama mita 10.3 a ruwa.

A watan Satumba na 1648, Blaise Pascal ya sa surukinsa Florin Périer ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da irin wannan bututu. A ƙolin dutsen, inda iskar da ke sama ta ragu, zaibar ta sauka da kusan santimita 8. Bayan ƴan shekaru, Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg a Jamus, ya haɗa wasu kwanonin tagulla biyu baki da baki, ya zuƙe iskar da ke ciki. Dawakai 16, takwas a kowane gefe, suka ja suka kasa raba su. Da aka buɗe kafar iska, sai suka rabu da kansu. Gani ya kori ji.

Nauyin da ake magana ba na wasa ba ne. A bakin teku, iska tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. Tafin hannun babban mutum kaɗai yana ɗauke da abin da ya kai buhun hatsi mai kilo 100. Ba ma jin nauyin ne saboda jikinmu ma yana turawa daga ciki daidai gwargwado.

Iyakar da injin ban ruwa ba ya tsallakewa

Wannan lissafi na Torricelli yana nan yana aiki a fadamun Gulbin Maraɗi, a gonakin albasa na Galmi da Madawa, da lambunan jihar Damagaram. Injin ban ruwa da ake ajewa a bakin rijiya, wanda manoma ke kira "motopompe", aikinsa shi ne rage iskar da ke cikin tiyo. Iskar waje ce ke danna ruwan rijiyar ta turo shi sama. Tunda ƙarfin iskar yana da iyaka, hawan ruwan ma yana da iyaka.

A takarda iyakar mita 10.3 ce a bakin teku. A gona ba ta kai haka ba. Gogayyar ruwa da tiyo, zafin ruwan, da kasancewar garuruwanmu sun ɗara teku tudu da ɗaruruwan mitoci, duk suna rage ta. Galibin irin waɗannan injina suna tsayawa ne a mita 7 zuwa 8.

Ga inda asarar take shigowa. Tsakiyar rani ruwa ya ja baya, inji ya fara tari yana kawo ruwa kaɗan-kaɗan, sai manomi ya ɗauka injin ne ya gaji. Ya sayar da akuya ko ya ci bashi ya sayo babba, babban ma ya kasa. Girman inji yana ƙara yawan ruwan da zai kwaso da nisan da zai tura shi, amma ba ya ƙara zurfin da zai iya tsotsowa.

Kafin a kashe kuɗi, abin da ya kamata a auna shi ne tazarar da ke tsakanin injin da fuskar ruwa a lokacin da ake cikin ja, domin ruwan yakan ƙara sauka idan inji na aiki. A kuma duba tiyo da mahaɗansa, saboda ƴar kafa ɗaya da iska ke shiga ta isa ta ɓata aikin. Idan tazarar ta wuce iyaka, mafita biyu ce: a haƙa rami kusa da rijiyar a sauko da injin, ko a koma ga famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, irin wanda ake haɗawa da faifan hasken rana. Shi wannan daga ƙasa yake turo ruwa, don haka iyakar mita goma ba ta shafe shi ba. Haka famfon hannu irin India Mark II yake, abin da ke ɗago ruwan yana can ƙasa cikin rijiyar.

Mai sauko da inji cikin rami ya kiyaye da hayaƙi. Injin esansi yana fitar da iskar guba da ba ta da launi ko wari, tana taruwa a wuri mai zurfi, tana iya kashe mutum cikin ƴan mintoci. Kada a shiga ramin inji yana aiki, ko da an kashe shi a jira iska ta wanke wurin.

Daga ƙahon wanzami zuwa ɗakin haihuwa

Wanzamai sun daɗe suna aiki da wannan ka'ida. Idan wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe iskar ciki da baki ya toshe kafar, iskar waje ce ke manne ƙahon a jiki, matsin da ke cikin jikin mutum kuma ya turo fata da jini zuwa inda matsi ya yi ƙasa. Abin tsoro a sana'ar yana wajen aska: wadda aka yi wa wani tsaga da ita ba a tsabtace ba tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida.

A asibiti ma haka ne. Ƴar kwalbar nan mai murfin roba da ake ɗibar jini da ita an rage iskar cikinta tun daga masana'anta, gwargwadon jinin da ake so, shi ya sa take cika da kanta ta tsaya. A ɗakin haihuwa, idan nakuda ta yi tsawo, akan manna wani ɗan kofi a kan jariri a taimaka masa ya fito. Ungozomomin da suka yi karatu da Faransanci suna kiransa "ventouse", kuma wani likita ɗan Suwidin, Tage Malmström, shi ne ya inganta shi a shekarun 1950. Na'urar hoton ƙashi ita ma tana da kwalbar da aka zuƙe wa iska a cikinta.

Birki, firigo da termos

Direbobi da yawa ba su san cewa wofi ne ke taya su taka birki ba. A bayan fedar birki akwai wani baƙin kwano da kanikawa ke kira "mastervac". Inji yana rage iskar gefe ɗaya na kwanon, idan aka taka birki iskar waje ta shigo ɗaya gefen ta ƙara wa ƙafa ƙarfi. Motar gazuwal tana da ƙaramin famfo na musamman don wannan aiki. Direban da ya kashe inji a gangare don ya rage shan mai, taku biyu ko uku kawai ya rage masa kafin birkin ya yi tauri kamar dutse.

Mai gyaran firigo ko na'urar sanyaya ɗaki yana da aikin da ake kira "tirage au vide". Kafin ya ɗura gas, sai ya haɗa famfo ya zuƙe iska da laimar da ke cikin bututan. Idan matsi ya yi ƙasa sosai, ruwa yana tafasa ko ba wuta, ya fita a matsayin tururi. In aka tsallake wannan mataki, laimar tana iya daskarewa ta toshe siririn bututu, ko ta haɗu da mai ta ci injin sannu a hankali. Mai kai gyara yana da haƙƙin ya tambaya ko an yi.

Termos ɗin da ake kai wa majinyaci kunu ko shayi, wanda a Najeriya ake kira filas, bango biyu gare shi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu. Zafi ya fi saurin wucewa idan ya samu abin da zai bi, a nan kuwa an janye masa babbar gada. James Dewar ne ya ƙirƙiro shi a 1892 don aikin ɗakin bincike, wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shi da sunan Thermos a 1904. In ka zuba ruwan zafi ka ji bayan termos ya ɗau ɗumi, to iska ta shiga, ya tashi daga aiki.

Haka nan sauti ba ya ratsa wofi, tunda babu iskar da za ta ɗauke shi, amma haske da saƙon rediyo suna wucewa. Kafin zuwan taransista a 1947, rediyo da kwamfuta da kwalabe marasa iska suke aiki. Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a Amurka a 1946 tana da irinsu sama da 17,000.

Ma'anar da ɗan ci-rani zai fara ji

A bakin talakan Amurka ko Ingila, "vacuum" injin shara ne, kuma kalmar tana zama aikatau: a ce maka ka yi "vacuum" ɗin ɗaki, wato ka share shi da inji. A Faransa da Beljiyam "aspirateur" za ka ji. Hubert Cecil Booth ya ƙera wani ƙato a Landan a 1901, wanda doki ke ja zuwa ƙofar gida a zura tiyo ta taga. Ƙaramin da ake turawa da hannu kuwa wani mai share-share ne a jihar Ohio, James Murray Spangler, ya haɗa shi, ya sayar wa William Hoover haƙƙin ƙirar a 1908. Shi ya sa har gobe Baturen Ingila zai ce maka ka yi "hoover", ko da injin na wani kamfani ne. Shi ma fanka ce a ciki ke fitar da iska, iskar ɗaki ta ruga ta cike gurbin ɗauke da ƙura. In jakar ta cika ko matatar ta toshe, ƙarfinsa ya tafi.

Kilishi a leda

Ma'anar da ta fi shafar masu tsaraba ita ce ɗaurin da Faransawa ke kira "sous vide", inda ake zuƙe iskar leda a like ta. Ga busasshen abu kamar kilishi yana da amfani, domin iska ce ke sa kitse ya canza ɗanɗano. Sai dai abubuwa biyu ne ya kamata a sani.

Na farko, cire iska ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Akwai ma wadda ta fi son wurin da babu iska, mai suna Clostridium botulinum, gubarta tana shanye jiki har ta hana numfashi. Nama ko kifi mai danshi, ko dafaffen abinci, ko an like shi sai an sa a sanyi.

Na biyu, likewa ba ta zama izinin shiga ba. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashe irin namu shigo da nama ko madara da abin da aka yi da su a cikin kayansa. A Amurka ma dole ne a bayyana abincin da aka ɗauko, kuma ana ƙwace nama daga ƙasashe da dama, wanda ya ɓoye yana iya shan tara.

Kada kuma a rikita wannan da buhun PICS da ake adana wake a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Shi ba a zuƙe masa iska. Leda biyu ce a cikin buhu, a ɗaure kowace tam, ƙwarin da ke ciki su shaƙe ƴar iskar da ta rage su mutu.

Giɓin mulki da giɓin tsaro

Ƴan jarida sun aro kalmar zuwa siyasa. Abin da Ingilishi ke kira "power vacuum", gidajen rediyon Hausa sukan ce masa giɓin mulki. An yi amfani da ita sosai a Najeriya lokacin da shugaba Umaru Musa Ƴar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamban 2009 ba tare da miƙa ragama ba, har sai da majalisar dokoki ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi a watan Fabrairun 2010. An yi amfani da ita ga Somaliya bayan faɗuwar Siad Barre a 1991, da Libiya bayan kashe Gaddafi a watan Oktoban 2011, da arewacin Mali, inda Kidal, Gao da Tumbutu suka suɓuce cikin ƴan kwanaki bayan juyin mulkin Bamako na watan Maris 2012.

Faransanci yana rarrabewa. "Vacance du pouvoir" magana ce ta tsarin mulki, kujera ce ba kowa a kanta, kuma doka ta faɗi wanda zai riƙe. "Vide juridique" shi ne sabon al'amarin da doka ba ta riga ta yi magana a kansa ba. "Vide sécuritaire" kuwa ita ce aka yi ta ji a kafofin waje bayan ficewar sojojin Faransa daga Nijar a watan Disamban 2023, da rufe rundunar MINUSMA a Mali a wannan wata, da kammala janyewar Amurka daga Nijar a watan Satumban 2024.

A nan mai karatu yana bukatar darasin Torricelli. Wanda ya ce an bar wofi ya yanke hukunci cewa ba komai a wurin, alhali akwai sojojin ƙasa, sarakuna, ƴan kasuwa da jama'ar gari. Wanda kuma ya ce babu wani giɓi, shi ma sai a tambaye shi wa ke iko da hanyar da makarantar da kasuwar a yau. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren yana nan tun kafin tsagar, ba ita ta haife shi ba. Makaman da suka fantsama daga Libiya, fataucin kan iyaka, rikicin ƙasar noma da kiwo, da matasan da ba su da aiki, su ne matsin da ke jiran kafa.

Turawan Ingila suna da wani salon magana da kalmar, idan suna so su ce abu ba ya faruwa shi kaɗai, sai su ce bai faru a cikin "vacuum" ba. Don haka duk inda ka ji kalmar, a bakin bakanike ne ko a bakin mai sharhi, tambaya biyu sun isa: me aka cire daga wurin, kuma me ke turowa daga waje? Mai lambu ya auna zurfin ruwansa kafin ya sayi inji. Mai sauraren labarai ya tambayi wa ya ce wurin wofi ne, da kuma wa yake so ya cike shi.